Yadda za ki ci da gida da ɗan kuɗin cefane ba tare da ɗiya sun rame ba

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu matar aure a garin nan na Sakkwato da ba ta koyi lissafi ba ko tana so ko ba ta so, kuɗin da maigida ke ajewa da safe dai su ne ba su ƙaru ba, amma in kin aiki yaro da su sai ya dawo da ɗan abu cikin leda ki yi ta kallo kina tunanin ko ya ɓatar da canji ne a hanya. Gidana mu 8 ne, ni da maigida da ɗiya 5 da ƙanwarsa da ke karatu a wurinmu, kuma wallahi akwai lokacin da na zauna bakin murhu na rasa ta inda zan fara. Abin da zan faɗa nan shi ne abin da na bi har tukunyata ta daidaita, ba wai mun koma cin kaji ba ne a'a, amma ana ci sau 3 ana ƙoshi kuma yaran ba su yawan kwanciya ciwo kamar da.

Abu na farko, kafin ki canza komi, ki samu tsohon littafin makaranta na yaro ki yi kwana 7 kina rubuta duk naira ɗin da ta fita don ciki. Komi, har magin da kika aika aka sawo ana tsakiyar girki, har kuɗin biskit da alawa da aka ba yaro don ya bar kuka, har niƙa. Ni da na yi haka sai na ga ashe ba tuwo ke cinye mana kuɗi ba, sayen ƙulli-ƙulli ne, man ƙulli yau suga ƙulli gobe, ga Indomie ɗin da yara suka saba da ita da safe wadda kafin azahar sun dawo suna kukan yunwa, ga lemun roba in an yi baƙo. Mai shago ba zaluntarki ya yi ba, shi ma da ribar ƙullin nan yake ci da nasa gidan, amma in kika tara abin da kika biya a wata kika auna da farashin kwalba guda ko tiya guda za ki ga bambancin da idonki.

Da littafin nan za ki samu maigida, ba da faɗa ba, bayan ya ci abinci ya huta. Ki ce masa Malam ga inda kuɗinmu ke tafiya, da za ka riƙa haɗa mani na mako guda ko na wata maimakon na kullum da sun fi auki. Mai albashi wannan ba wuya gare shi. In kuwa mai nema ne na yau da kullum, ɗan kabu-kabu ko lebura ko mai tireda, to ke ce za ki riƙa cire ɗan abu kullum ki jefa asusu ko ki shiga adashe da maƙwabta na amana, ranar kwasa kada ki sayi atamfa, ki sayi hatsi.

Na biyu rabon kuɗin. Ni ga yadda nake yi, in 10,000 ce a hannuna misali, wajen 4,000 hatsi ne, gero ko dawa ko masara duk wanda ya fi sauƙi a lokacin, 2,500 wake da waken suya da gujiya ko ƙuli, 1,500 mai da gishiri da daddawa, sauran 2,000 ganye da kayan miya da niƙa da ɗan busasshen kifi. Kuɗin icce daban nake ware su. Kin lura ban ambaci shinkafa da taliya ba, ba don haramun ne ba, don dai mun ɗauke su mun ɗora bisa kai har yaro na ganin ranar da aka yi tuwon dawa kamar horo ne aka yi masa, alhali gero da dawa da ba a surfe su ƙal ba sun fi farar shinkafa riƙe ciki kuma sun fi ta sinadarin ƙarin jini. Tiya guda ta gero za ta ba ki kunu ta ba ki tuwo ta ba ki hura. Shinkafa sau 2 a mako ta isa, kuma ta gida, ta fadamunmu, a dafa ta da wake rabi da rabi.

Na uku, kuma a nan ne kuɗi ke ɓuya, saye a kan lokaci. Komi na ƙasar nan yana da watan da yake araha. Gero na shigowa wajen Satumba, wake da gujiya Oktoba zuwa Nuwamba, dawa ta biyo baya cikin hunturu. Tumatur da tattasai da tarugu na fadama suna cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris, lokacin in kika je Kasuwar Daji ko Ramin Kura da yamma za ki ga masu kaya sun ƙosa su rabu da shi don ba ya kwana. Albasa kuwa mu ne gidanta, daga Fabrairu zuwa Afrilu ta fi araha. Daga Yuni zuwa Agusta kuma, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabo bai iso ba, komi na hatsi wuta yake yi, wadda ba ta aje ba a kaka ita ce ke shan wahalar watannin nan. In kuɗinki ba su kai buhu ba ku haɗu ku 4 ko 5 ku saya a kasuwar Kara ku raba da tiya guda a gaban kowa, ko in akwai ɗan uwa mai zuwa kasuwannin mako irin su Achida ko Illela a ba shi saƙo, amma a lissafa kuɗin mota a ciki kada a gudu gara a faɗa zago.

Ajiyar ita ma sai an iya. Wake dai ƙwari ne abokan gabarsa. Ki shanya shi ya bushe ƙarau har in kin ciza ya ce ƙas, ki bari ya huce, ki ɗura a jarka mai tsabta busasshiya wadda ba a taɓa sa fetur ko maganin feshi a ciki ba, ki cika ta har wuya ki sa leda a baki ki murɗe marfin sosai, in babu iska ƙwarin mutuwa suke yi da kansu. Ki yi jarkoki ƙanana da yawa ya fi babba guda, don duk wadda kika buɗe sai a cinye ta. Akwai kuma buhun nan da ake kira PICS mai leda 2 a ciki, shi ma aikinsa ke nan ba sai an sa magani ba. Don Allah kada ki zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a abin da ɗiyanki za su ci, kuma in kin sayi wake a kasuwa kika ji yana warin magani ki bar shi ko da rabin kuɗi aka ce. Gujiya da masara kuma danshi ne matsalarsu, duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yi baƙi ko ɗaci ki tsince ki zubar, akwai guba a cikinta mai lalata hanta kuma suya ko dahuwa ba ta kashe ta. Buhu kada ya zauna a ƙasa, a ɗora shi bisa katako ko duwatsu.

Na huɗu shanya. Allah ya ba mu rana a Sakkwato har muna kuka da ita, to ki sa ta aiki. Lokacin arahar tumatur ki sayi kwando, ki wanke ki yanka biyu ko huɗu ki baza bisa tabarma mai tsabta ko tire a kan rufi, ba a ƙasa inda awaki da ƙura ke bi ba, ki rufa da tsohon gidan sauro saboda ƙudaje, cikin 'yan kwanaki ya zama kauɗa. Haka tattasai, haka tonka, haka guro ki yanka shi ƙanana. Ganyen albasa ma kada ki yar, a daka a shanya ya zama gabu. Amma ganyaye irin su zogala da sure da rama da lalo da kuka a inuwa ake shanya su inda iska ke shiga, rana na ƙone amfaninsu, shi ya sa kukar da aka shanya a inuwa take kore shar wadda ta sha rana kuwa ta yi fari-fari. Damina in ta zo tumatur ya zama na masu hali, ke kin jiƙa kauɗarki da ruwan ɗumi kin kai niƙa da albasa.

Na biyar, abin da zai tsaya a madadin nama. Jiki na buƙatar abinci mai gina shi kullum, musamman na yara da mai ciki da mai shayarwa, kuma hatsi kaɗai ba ya wadatarwa, amma in aka haɗa hatsi da wake a ci ɗaya sai kowane ya cike gurbin ɗan uwansa, abin da gero ya rasa wake na da shi, abin da wake ya rasa gero na da shi. Iyayenmu ba su karanta wannan ba amma dubi abincinsu, koko da ƙosai, tuwo da miyar wake, dawa da wake, ɗan wake, tubani. Don haka ni ƙa'idata ita ce kada rana ta faɗi ba a ci wake ko waken suya ko gujiya ko ƙwaruru ko nono ba a gidana.

Waken suya ya fi kowane auki. Awara, wadda mu nan muke ce wa ƙwai da ƙwai, ki daina saye ki riƙa yi da kanki. Ki tsince gwangwani 4, ki jiƙa wajen awa 6, in lokacin zafi ne ki rage kada ya yi tsami, ki wanke ki kai niƙa ya yi laushi, ki ƙara ruwa ki tace da kyalle mai tsabta. Madarar nan ki ɗora a wuta a babbar tukunya don tana tasowa, ki tsaya kusa, in ta tafasa sosai ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na tsamiya ko na lemun tsami ko ruwan da ya kwana a kan gasara, za ki ga ta dunƙule ta rabu da ruwa. Ki kwashe ki zuba a kyalle, ki sa ɗan gishiri da albasa da tarugu, ki ɗaure ki ɗora dutse ta tsane, sannan ki yanka. Ba dole sai an soya ba, suya ce ke shan mai, ki jefa ta cikin miya haka nan kamar nama ta sha romo, yara wawarta suke yi. Dusar da ta rage kuma ko ki haɗa da garin tuwo ko ta tafi wurin kaji da awaki. Abu guda dai, waken suya ba a cinsa ɗanye ko rabin dahuwa, yana ɓata ciki.

Na shida shi ne wanda ya fi damuna, ƙaramin yaro. In abinci ya yi ƙaranci a gida ba babba ke fara nunawa ba, ɗan shekara 1 zuwa 3 ne, wanda aka yaye ko ake shirin yayewa, ana ɗura masa koko tsararo ruwa-ruwa ana ganin cikinsa ya cika, sannan in an zo tuwo a haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa kafin ya kai loma 3 sun sihe. A garin nan muna da asibitin yara na ciwon Noma, ciwon nan da ke cinye baki da fuska, kuma abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne tamowa da rashin tsabtar baki da ciwo irin ƙyanda. Duk wadda ta taɓa ganin yaron da ya kamu ba za ta sake wasa da abincin ƙaramin yaro ba. Wata 6 na farko nonon uwa zalla, wannan ma kyauta ne, bayan nan a ci gaba da ba shi nono har shekara 2 ana haɗawa da abinci.

Ga garin kunun da nake yi, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown. Awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko ki gauraya su, awo 3 na waken suya, awo 1 na gujiya, da gwangwani guda za ki auna duka. Hatsin ki wanke ki rege ki shanya ya bushe ki ɗan soya shi sama-sama a kasko ba mai. Waken suyan ki jiƙa ya kwana kina canza ruwa, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe sannan ki soya har ya yi ja-ja yana ƙamshi. Gujiyar ma ki soya ki murje. Ki haɗa ki kai niƙa, ki ce wa mai inji ya share kada ya haɗa maki da tonka, ki baza ya huce ki tankaɗe ki zuba a roba mai marfi. Kada ki yi da yawa, na mako 2 zuwa 3 ya isa saboda man gujiyar. Wajen damawa ki kwaɓa da ruwan sanyi ki zuba cikin tafasasshen ruwa kina motsawa ya dahu kamar minti 10, ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, ki ɗiga ɗan manja ko ki barbaɗa garin zogala ko dakakken kifi. Yaro ya samu kwanonsa shi kaɗai, ki zauna kusa da shi har ya gama, sau 3 zuwa 4 a yini don cikinsa ƙarami ne. In kuma kin ga yana ramewa, ko ƙafafu sun kumbura, ko gashi ya yi ja yana zubewa, ko dasashi na jini baki na wari, wannan ya wuce kunu, asibiti za ki kai shi ranar nan.

Na bakwai ganye, kuma a nan ba mu da uzuri ko kaɗan. Ɗatun zogala da ƙuli da albasa da tumatur da ɗan mai abinci ne cikakke, haka ɗatun rama, haka tafasa da damina, in an samu hoce ko garin rogo a haɗa ya ƙara auki. Kabushi ki sa a miyar taushe, kudaku a dafa da rana a ci da ƙuli, in kin samu mai jan ciki ya fi don yana gyara ido. Ki dasa zogala 2 ko 3 a bayan ɗaki, reshe kawai ake sokawa a ƙasa, ruwan alwala da na wankin hatsi ya ishe ta, ki riƙa sare kanta kada ta yi tsawo. Tsohon buhu ki cika da ƙasa da taki ki shuka alayyafo da sure. Kayan marmari kuma ba sai tuffa ba, mangwaro a lokacinsa, kankana, gwaiba, yalo, magarya, aduwa, goruba, ƙwame a dama a kunu.

Wajen miya, nama ya zama ɗanɗano ba abin rabo ba. Ƙashi da ɗan kayan ciki daga mahauta sau ɗaya a mako, hanta in an samu a fara ba ƙaramin yaro da mai ciki kaɗan. Ƙananan busassun kifi ki cire ƙasa ki daka su har ƙaya su zama gari ki riƙa zuba cokali 2 a miya, kowa ya samu ba wanda aka fifita. Lokacin fara a ci fara, amma daga hannun wadda kika yarda da ita saboda feshi. Daddawa da albasa da citta da gabu in sun ji a miya magi 2 sun isa inda kike sa 6, gishiri kuma a sayi mai aidin a rage hannu, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali guda ke nan har da wanda ke cikin magi, ga hawan jini ya yi yawa cikin mutanenmu. Manja kada ki ƙona shi har ya yi fari, jan nan shi ne amfanin. Kanwa kaɗan. Shayi kuma kada a sha shi kan abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini, gara a matsa lemun tsami a ɗatu, shi taimakawa yake yi.

Saura wuta, don icce da gawayi da gas duk sun zama abin lissafi. Wake ki jiƙa shi tun dare ki zubar da ruwan, dahuwarsa ta ragu sosai kuma ba ya kumbura ciki kamar da. Tukunya kullum da marfi, murhu a kare shi daga iska. In wake ya tafasa kamar minti 15 ki sauke da marfinsa ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki cusa cikin kwando ki bar shi awa 3, zai ƙarasa da zafinsa. Tuwon dare ki yi da ɗan yawa a samu ɗumame da safe, amma ki tuna zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ga wutar NEPA ba tabbas, miya sai an tafasa ta kafin a kwanta a kuma sake tafasawa da safe, tuwon ma ya yi zafi har cikinsa, wanda ya fara yauƙi ko tsami a ba dabbobi don kuɗin maganin gudawa sun fi kuɗin tuwon.

Ga yadda makonmu ke tafiya yanzu. Safe ko ɗumame ko kunun garin nan ko koko da ƙosan da na soya da kaina, ranar Juma'a masa. Rana ita ce mai sauyawa, yau shinkafa da wake da mai da yaji da yankakken kabeji ko latas, gobe ɗan wake, jibi dambu da zogala, gata faten tsaki da sure da gujiya, wata rana kudaku da ɗatu, ranar da zafi ya yi tsanani hura da nono kawai ake so, sai in tafasa ruwan damun in bari ya huce. Dare tuwo ne, na dawa ko na gero ko na masara, miyar ce ke juyawa, kuka, guro, taushe, sure da wake, lalo. 'Yan makaranta kuma maimakon kuɗin kashewa ina ƙulla masu soyayyar gujiya ko dafaffen ƙwaruru ko awara 3 a ɗan kwano da gorar ruwa, ranar Lahadi da yamma nake soya gujiyar mako gaba ɗaya in zuba a kwalba in ɓoye ta saman kwaba inda hannunsu ba ya kai.